Sunan Bature a Gidanmu na Zango

Ni baƙi ne ƙirin, haifaffen zangon Kumasi, amma sunan gidanmu na Bature ne. Ba zan rubuta shi a nan ba. Masu shi kaɗan ne, duk wanda ya ji shi zai iya zuwa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Suna ne mai nauyi a baki. Turawan kansu sai sun ce a maimaita musu.

Kakana ne ya jawo mana shi. Ya taso daga arewa da ayarin fatake masu sayen goro, ƙafarsa ta kumbura a hanya, ayari ya wuce ya bar shi. Ya sami aikin dafa abinci a gidan wani Bature mai yankan katako a daji. A wancan zamani, wanda ba shi da dangi a gari da gidan da yake aiki ake kiransa: wane na gidan wane. Bature ya mutu, gidan ya rushe, suna ya manne. Ubana ya gaje shi, na gada, ɗana ya gada.

Ɗan nawa shi ne na fari, don haka ba na kama sunansa. A Birmingham ta ƙasar Turai aka haife shi, a unguwar Ladywood ya girma, ya yi karatu mai zurfi. Yanzu yana zaune a Hulme, cikin Manchester, shi da matarsa. 'Yar Kano ce, karatu ya kawo ta. Uwarsa ta rasu ba ta ga auren ba.

Da cikin matar ya fito, sai ɗan nawa ya zo Birmingham ya same ni a bayan shagon naman da nake aiki, ina wanke wuƙaƙe.

"Baba, abin da za a haifa ba zai ɗauki sunan nan ba."

"Wane suna?"

"Ka sani. Sunan ubangidan kakanka. Sunanka na yanka zan sa masa a baya, yadda mutanen Kano suke yi. Ni ma zan canja nawa."

Na ce, "To."

Amma wuƙar da ke hannuna ta sha wanki ranar.

Ba zan ce ba shi da hujja ba. Lokacin neman aurensa, dangin yarinyar sun aiko a tambaya ko sabon shiga Musulunci ne. A masallaci 'yan Najeriya suna ce masa Baturen Zango. In ya nemi aiki a kira shi da fara'a a waya, in ya shiga ofis fuska ta canja. Ya gaji. Na gane.

Ni kuma ga tawa hujjar. Ina saurayi na bi mota ta Sahara zan tafi Libiya. Mota ta mutu a hanya. Ba zan ba da wannan labarin ba. Waɗansu sun fito, da yawa ba su fito ba. Magana ta isa Kumasi cewa babu wanda ya tsira. Aka zauna makokina, uwata ta rabar da kayana. Ni kuwa ina kwance a wani sansani, ba takarda, ba hanyar aika saƙo. Wani direba ɗan Agadas ya ji ana kiran sunaye a layin abinci. Ya ji nawa, ya ga wanda ya amsa, ya yi dariya. Da ya sauka tashar Kumasi sai ya ba da labarin don a yi nishaɗi: ya ga wani baƙi kamar gawayi da sunan Bature. Wani mai shayi ya ce, ai gida ɗaya ne ke da wannan suna a duk garin nan. Ta haka uwata ta san ina raye. Da sunana irin na kowa ne, da ta mutu tana yi mini addu'ar mamaci.

Ban taɓa gaya wa ɗana wannan ba. Ni ba mai magana ba ne.

Ana nan sai yanar ido ta rufe mini idon dama. Likita ya ce sai an cire. Ɗana ya ce in zo Manchester a yi, don in samu mai kula da ni. Na je na zauna a flat ɗinsu, wato sashensu a wani gidan bene. Muna gaisawa, muna cin abinci tare, maganar suna tana tsakaninmu kamar ƙaya a tabarma.

Ranar da za a duba ni, na hau bas ta Oxford Road na tafi asibitin ido. Ɗakin jira cike da tsofaffi, kowa da ido guda mai aiki. Nas ta fito, ta dubi takarda, ta gwada sunana na yanka, harshe ya ƙi. Sai ta ɗaga murya ta kira sunan gida shi kaɗai.

Na miƙe.

Can gefe wata tsohuwar Baturiya ita ma ta miƙe. 'Yar ƙarama ce, da sanda da hular ulu.

Na ce, "Ga ni."

Ta ce, "Ga ni."

Ta juyo da idonta mai kyau ta dube ni. Na juya nawa mai kyau na dube ta.

Ta ce, "Bawan Allah, ni aka kira."

Na ciro katin bas ɗina na miƙa mata. Ta kai shi daf da hancinta. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Ina ka samo shi?"

"Inda kika samo naki. Wurin ubana."

Sai ta koma ta zauna daɓas. Ta ce, "Tun da ƙanena ya mutu ban ƙara jin wani ya amsa sunan nan ba."

Jama'a! Shekara da shekaru ina ƙasar nan, na yi aikin wanke mota, na yi gadi, na yi dakon nama, ban taɓa haɗuwa da Bature ko ɗaya mai sunana ba. Har na fara zaton kakana ne ya ƙirƙiro shi. Yau ga mai shi a gabana da hular ulu.

Da aka gama duba mu, ta ce sai mun sha shayi. Muka zauna a wurin sayar da shayi na asibitin, idanunmu cike da magani, ba wanda ke ganin ɗan'uwansa da kyau. Turancina na kasuwa ne, amma ya ishe mu.

Ba ta taɓa aure ba. Ta yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, sannan ta koma dafa abinci a makarantar yara. Ƙanenta bai haihu ba. Akwai wani ɗan baffanta da ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa mai nisa, 'ya'ya mata ya haifa, su kuwa a al'adarsu mace in ta yi aure sai ta ajiye sunan ubanta ta ɗauki na miji. Ta ce da can, duk garin da ta je sai ta buɗe littafin lambobin waya ta duba ko za ta ga sunan. Sau tari babu. In ta gani, sai ta tarar tsoho ne, bayan ɗan lokaci shi ma ya tafi.

Ta ce, "In na mutu an rufe ƙofa."

Na ce, "Mutum nawa kike so?"

"Ban gane ba."

"A gidanmu kaɗai, in masu sunan nan suka fito, sai mota ta tsaya su wuce."

Ta yi dariya, ta ce ina yi wa tsohuwa ba'a. Na ba ta labarin kakana da mai yankan katako. Ta ajiye kofi. Ta ce ƙanen kakanta ya tafi Afirka aikin katako, bai dawo ba, ba wanda ya san inda aka binne shi.

Na yi lissafi a raina nan take. Kakana ɗan gidan mutumin nan ne, kamar ɗansa ke nan. Ita kuma jikar wansa ce. Ashe sa'ar ubana ce a dangi. 'Yar'uwar uba kuwa sunanta ɗaya.

Na ce, "Ke gwaggona ce."

"Mene ne wannan?"

"Za ki gani."

Kafin mu rabu na tambayi gidanta. A unguwar Fallowfield take zaune, a wani ɗan gida mai jan bulo, ɗalibai sun kewaye ta gabas da yamma. Ita kaɗai ce tsohuwa da ta rage a layin. Ranar Juma'a bayan masallaci na sa surukata ta zuba mini wake da shinkafa a kwano, da shito, soyayyen barkonon nan namu na Ghana, a gefe, na tafi. Ban buga waya ba. Wa ke neman izini kafin ya je gaida gwaggonsa?

Ta buɗe ƙofa kaɗan, sarƙa na maƙale.

"Wani abu ya faru?"

"Babu. Gaisuwa na zo."

"Gaisuwar me?"

"Gaisuwa kawai. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya idon? Yaya ƙafa? Yaya sanyi? Kin yi barci?"

Ta ce, "Kai likita ne ko ɗan sanda?"

Ta dai cire sarƙar. Ta ba ni shayi da biskit a ɗan faranti. Na ajiye mata kwano. Ta ɗanɗana shito a bakin cokali, hawaye ya zubo har daga idon da ba ya gani. Ta sha madara, ta tsine wa barkono, ta ƙara ɗiba. Na fitar mata da shara, na ɗaure ƙyauren lambu da ya karkace, na yi sallama.

A bakin ƙofa ta ce, "Ka ji, kai mutumin kirki ne. Amma a ƙasar nan suna ɗaya ba ya sa mutane su zama dangi."

Na ce, "Shi ya sa kuka ƙare."

Na tafi.

Juma'ar da ta biyo, ban kai ga ƙwanƙwasawa ba ƙofa ta buɗe. Ta ce, "Ka makara. Ina jan abin nan mai kashe mutane?"

Ranar ne na kira gida ta waya mai hoto. Yayata ta ɗauka, tana tsakar gida tana tuƙa tuwo. Na ce mata, "Yaya, na tsinci gwaggonmu."

"Wace gwaggo kuma? Duk mun binne su."

"Ta Turai. Duk mai sunan gidan nan ya fito."

Na juya wa tsohuwa fuskar wayar. Wayyo! Kamar an fasa gidan tururuwa. Mata da goyo, tsofaffi da carbi, 'yan makaranta da kayan makaranta, tela ya fito da awo a wuya, mai gyaran babur da baƙin mai a hannu. Ana ture juna, kowa na son ya leƙa. Yayata tana nuna su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin suna, kowane da sunan nan a ƙarshe. Sannan wani ya karɓi wayar ya fita waje da gudu. Ya nuna shagon aski na ɗan wana, ga sunan an rubuta da jan fenti a saman ƙofa. Ya nuna bayan wata motar haya, ga shi nan ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin addu'a.

Gwaggo ta riƙe gefen tebur. Tana dariya tana kuka, tana cewa, "Duka? Duka waɗannan?"

Mata suka ɗauki guɗa. "Gwaggo! Gwaggo Baturiya!" Yayata ta matso da fuska ta ƙare mata kallo, ta ce, "Kai, ba ka ba ta abinci ne? Dubi wuyanta kamar na zabuwa. Kuma wa ya bar ta ita kaɗai a gida?"

Gwaggo ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce kin yi kyau."

Na koma Hulme ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na zayyana wa ɗana komai, ni da ba na magana. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Baba, ka gano 'yar gidan ubangida, kana kai mata abinci a kwano. Yadda kakanka ya yi."

Da yaro ne da na mare shi. Na tashi na yi alwala.

Aka cire mini yana, aka cire mata tata. Duniya ta wanku. Sai Gwaggo ta ce tunda ido ya dawo, tana son ta ƙara ganin wurin da sunan ya fito kafin ta mutu. Ashe wuri ne! Ni duk zatona sunan mutum ne. Ta ce wata gona ce a kan tuddan da ke bayan Manchester, bas ba ya zuwa. Ni ba na tuƙi. Surukata ce ta sa baki, ciki ya yi mata nauyi tana zaune da ƙafa a kan matashi.

"Ka kai su mana. Tsofaffi biyu da sabon ido, so kake su faɗa rami?"

Ya kai mu. Ya gaishe ta da ladabi, don ban haifi marar kunya ba, amma bai ƙara kalma ba. Ni da Gwaggo muna baya muna ta nuna wa juna abubuwa kamar yara. Gari ya ƙare, hanya ta ƙanƙance, ta hau sama. Ko'ina katangar duwatsu da tumaki masu kauri kamar buhunan auduga. Na ce wannan rago ɗaya zai ciyar da layinmu. Ta ce in kawar da idona daga tumakin mutane.

Muka tsaya inda hanya ta ƙare. Iska kamar wuƙa. Ta kama hannuna muka taka kaɗan. Kango ne. Bango biyu a tsaye, sauran sun zube, ciyawa ta cinye ɗakin girki. A gefe wani ɗan marmaro yana fitowa daga ƙarƙashin dutse.

Ta ce, "Ga shi. A tsohon yarenmu, sunan yana nufin fili a bakin ruwa mai sanyi. Shi ke nan. Babu sarki a ciki, babu jarumi."

Na durƙusa na sa hannu a ruwan. Sanyinsa ya harbe ni har kafaɗa. Na yi dariya ni kaɗai. Sunan da na sha kira da shi a tsakiyar Sahara, maƙogwaro a bushe, ashe sunan ruwa ne!

Ɗana ya tsaya hannu a aljihu. Ya ce mata, "To wannan ita ce gonarku."

"Tamu? Ko kaza ba mu da ita a nan. Gonar wani mai ƙasa ce. Mu masu kiwon tumakinsa ne. Da can talaka ba shi da sunan gida. In an tashi bambanta shi da wani sai a ce wane na gona kaza, wato inda yake bauta. Da mai ƙasa ya ga ba ya bukatarmu ya kore mu, muka gangara gari muka shiga masaƙa. Sunan kawai muka sauko da shi."

Na dubi ɗana. Ya dube ni. Wane na gidan wane.

Amma shi ba a kayar da shi da sauƙi. Ya ce, "Wanda ya je Afirka fa? Ya kyautata wa kakan babana?"

Ta ce, "Ban sani ba, ɗana. Ban taɓa ganinsa ba. Kakana ya ce mashayi ne mai saurin hannu. In haka yake a gida, ba na jin ya gyaru a can."

Na ce, "Akwai tabo a bayan kakana. Dogaye. Bai taɓa faɗin wanda ya yi masa ba."

Gwaggo ta juyo gare ni.

"To kai me ya sa kake riƙe da shi?"

Ita ta tambaya, amma shi na ba amsa. Na faɗi labarin mota, da sansani, da direban Agadas, da mai shayi. A taƙaice na faɗa, ina kallon ruwa. Da na gama ɗana ya ce, "Baba, ba ka taɓa gaya mini ba."

Na ce, "Ba ka taɓa tambaya ba."

A hanyar dawowa ta sa muka tsaya a wata tsohuwar maƙabarta a bayan coci. Ga sunan nan a kan duwatsu, jere, gansakuka ta cinye rabin haruffa. Mu ba ma rubuta suna a kabari. Ban san takamaiman inda kakana yake kwance ba. Su sun ajiye sunan a dutse, mu mun ajiye shi a 'ya'ya. Na yi wannan tunani ban faɗa ba. Ɗana ya daɗe a tsaye gaban wani dutse. Har muka iso gida bai ce ya canja ra'ayi ba, ni ma ban tambaya ba.

Na koma Birmingham bakin aikina. Ranar hutu nakan hau jirgin ƙasa in je in gaida Gwaggo in dawo. Abokan aiki suna cewa, "Baturen Zango zai je ganin danginsa." Ina cewa, "Ƙwarai kuwa."

Wata safiya ina sara ƙashi waya ta yi ƙara. An sauka lafiya. Mace!

Na ajiye gatari na yi kabbara har mai shago ya fito a guje. Na zaɓi rago da kaina, wanda ya fi kowane. Na kira Gwaggo ina ihu. Ta yi murna, sannan muryarta ta sauka. Ta ce, "Mace ce. Ko ya sa mata sunan, ranar aure za ta ajiye shi."

Da na gaya wa surukata, tana kwance da jaririya a ƙirji, ta ce, "Baba, ka ce mata a wurinmu mace ba ta yar da sunan ubanta don ta yi aure. Miji ya riƙe nasa."

Saura dai a ji wane suna uban zai ba ta.

Ga wata matsala kuma. A gidanmu, ranar suna, gwaggon uba ce take fito da jariri daga ɗaki ta miƙa wa liman. Uwar ɗana ba ta duniya. Uwar mai jego ba ta sami biza ba. Yayata tana Kumasi. Na ce wa ɗana, "Akwai gwaggo a Fallowfield."

Ya ce, "Baba."

Na ce, "Ko kana da wata?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa na ɗauki shiru a matsayin e.

Ranar suna da safe na je na ɗauko ta a tasi. Ta sa rigar da ta fi kowace kyau, da 'yar jaka a hannu. Flat ya cika maƙil. Mutanenmu na Ghana sun zo daga Birmingham da tukwanen waina da koko, ɗaliban Najeriya sun cika falo har bakin matakala, takalma sun yi tudu a ƙofa. Mata suka ja Gwaggo ciki, suka cire hular ulu suka ɗaura mata ɗankwali, suka yafa mata gyale. Na ji wata tana cewa, "Hajiya Baturiya, sai kin ci waina uku kafin mu sake ki."

Limaminmu wani Bakano ne mai bincike a jami'a, mutum mai barkwanci. Aka raba goro da dabino. Ya ce a fito da jaririya.

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Gwaggo ta fito a hankali, ba sanda, wata mata na riƙe da gwiwar hannunta, jikata na rungume a ƙirjinta cikin farin zane. Ɗankwali ya karkace ya rufe mata gira. Wannan mata ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe yarinyar kamar ƙwai. Ta miƙa wa liman.

Ya yi addu'a, ya yi huɗuba a kunnen yarinya. Ya sunkuya wurin ɗana ya ji suna, ya ɗago ya sanar. Aka shafa fatiha. Sannan ya ce, "'Yar gidan wa za mu ce? Na ji an ce ana gyaran suna a gidan nan."

Na kafa ido a kan kafet.

Ɗana ya faɗi sunan yarinya. Ya faɗi sunana na yanka. Sannan ya faɗi sunan nan, da ƙarfi, yadda na matakala za su ji.

Liman ya ce, "Maimaita mini, Malam. Wannan suna sai da man shanu yake wucewa a maƙogwaro." Ya gwada, ya karya shi biyu. Falo ya fashe da dariya. Ni da Gwaggo muka faɗa masa daidai, baki ɗaya, ba mu shirya ba. Mata suka saki guɗa har maƙwabcin sama ya buga ƙasa da ƙafa. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Sai na fita na hau rabon nama, shi na iya.

Ɗana ya same ni a kicin ina yanka cinya.

"Ba don Baturen ba, Baba."

"Na sani."

"Don mai shayin nan ne. In ta ɓata, a san gidan da za a kai labari." Ya ɗauki tsoka ɗaya ya juya ta. "Kuma in ta girma zan gaya mata maganar tabon bayan kakanka. Duka zan gaya mata."

Na ce, "Gaya mata. Miƙo mini wancan kwanon."

Na zuba wa Gwaggo kasonta, hanta da tsoka mai laushi, don haƙoranta na kanti ne. Ta ce ba za ta iya cinyewa ba. Na ce ba a mayar da kason gwaggo.

Da lokacin allurar rigakafin yarinya ya yi, na zo daga Birmingham don in raka su wurin likita. Gwaggo ta ce ita ma sai ta je, ba a huda mata jika ba ta nan. Muka zauna a jere a ɗakin jira, ni da ita da ɗana, yarinya a kafaɗarsa. Nas ta fito, ta dubi takarda, ta gwada sunan farko, harshe ya ƙi. Ta kira na ƙarshe.

Muka miƙe gaba ɗaya.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wanne daga ciki?"

Gwaggo ta nuna yarinyar da kan sandarta. Ta ce, "Sabuwar."